Rakiya Na Je, Aka Miƙo Mini Kwalba

Ko zan manta komai, ban da ranar da na raka matata asibiti a birnin Yamai awon rashin haihuwa. Shekararmu tara da aure a lokacin, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Rubutun da ta sha ya isa cika randa. Kakata ma, can ƙauyensu a Kurfai, ta sa 'yan bori sun yanka baƙar akuya, na yi kamar ban sani ba. Duk matata ake yi wa, ni nawa addu'a da cin tuwo.

Jaka kawai na shiga riƙe mata. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba takardu ta ce matata lafiyarta lau. Sai ta miƙo mini 'yar kwalba, wai ni ma a auna ni.

Na ce, “Madam, ni fa rakiya na zo.”

Ta ce, “Malam, ka taɓa ganin gona ta yi hatsi ba iri?”

Matata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

Awo ya fito, matsalar tawa ce: wata jijiya ce ta kumbura, ƙaramin aiki za a yi. A motar komawa gida Filinge ina ta tuna habaicin da 'yan'uwana mata suka yi ta yi mata, ni kuwa ina ji ina shiru. Da muka tsaya Baleyara na roƙe ta gafara. Ta ce in fara sayo mata gasasshen nama tukuna.

Aka yi aikin. Shekara da rabi shiru, har na fara cire rai, sai ga ciki.

Ranar sunan ɗiyarmu, malamin da ke ba matata rubutu na cewa rubutunsa ne, kakata ta aiko cewa kar a manta akuyarta. Na miƙe gaban maza na faɗi inda matsalar take. Sai liman ya yi murmushi ya ce Allahn da ya sanar da likita ilimi shi ne ya ba da ɗiyar, a shafa fatiha. Bayan sati biyu, maza uku suka same ni ɗaya-ɗaya suna tambayar kwatancen asibitin.

Na koyi cewa Allah ne mai bayarwa, amma yana son bawa ya tashi ya nema. Kuma kafin ka bari a ɗora wa mutum laifi, fara tabbatarwa ba naka ba ne.