Ranar da Birkin Baba Ya Yi Laushi

Wata Laraba ce cikin daminar shekarar 2000, ina 'yar shekara goma, na dawo daga makarantar boko na tarar da motar Baba a ƙofar gidanmu da ke Ƙaura an ɗage ta a kan jak, an cire tayar baya an jingine ta da katanga. Tsohuwar akori-kura ce, har lokacin da lambar Sakkwato a jikinta duk da mun daɗe da samun jiharmu. Baba na kujerar direba yana taka birki, Malam Iro bakanike kuma yana kwance ƙarƙashinta a kan buhu, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na ji Baba yana cewa, "Ka gani, kamar tuwo nike takawa, sai ya kai ƙasa." Duk faɗin Ƙaura kuwa ni kaɗai na san abin da ya sami birkin nan.

A wajenmu a wancan lokaci man birki magani ne. In makero ya fito wa yaro a ka, ko garwashi ya ƙona wata a madafa, sai a aiko gidanmu a ce a sam musu kaɗan. Baba yakan ɗiga musu a murfin kwalba yana mita, wai shi direba ne, ba likita ba. Gwangwanin man yana zaure, bayan buhunan gero. To, a shekarar makero ya bi ajinmu kaf, ni kuma Allah ya yi ni da son a san da ni. Sai na fara ɗibar man a wata tsohuwar kwalbar turare, in an fita tara in zauna gindin tsamiya, a bar 'yar gala-gala da carafke a yi mini layi, ina shafa musu da gashin kaza suna runtse ido. Aka sa mini suna Likita, ana cika mini aljihu da aya da magarya. Ko yana warkarwa, oho, ni dai kaina ya kumbura. Ranar da na girgiza gwangwanin na ji ya kusa ƙarewa sai ido ya raina fata. Kaka, mahaifiyar Baba, sana'arta ƙuli-ƙuli, ni nake taya ta ɓarar gyaɗa da juyi, kuma a idona man da take matsewa launinsa ɗaya da na birki. Na faki idonta na cika gwangwanin da shi taf. Bayan kwana biyu ina sharar ƙofar gida Baba ya buɗe bonet ya tuttula shi a mota, na sunkuyar da kai na ci gaba da sharata.

Malam Iro mutum ne da ba ya gaggawa. Ina raɓe a bakin zaure da jakar littattafaina na ga ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa bayan kowacce da yatsa yana duba ko akwai danshi. Ya bi siraran bututan da ke kai mai tun daga gaba har baya, ya duba ƙasa inda motar ta kwana, babu ko ɗigo. Ya ce wataƙila iska ce ta shiga, suka fitar da iska, birkin ya ɗan yi ƙarfi, can kuma ya sake. Sai ya ce Baba ya taka ya riƙe, kada ya ɗaga ƙafa. Ƙafar Baba ta dinga nutsewa a hankali har ta taɓa ƙasa. Abin da Malam Iro ya faɗa har yau yana kunnena: "In ka yi famfo ya kama ya tsaya, iska ce. In ka riƙe yana tahiya kuma babu yoyo, to ciwon na cikin masta." Masta ita ce tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne robarta ba ta daɗe da sauyawa ba, da hannunsa ya sa ta.

Washegari kuma za ta kama Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Tun da aka fara shari'a aka raba maza da mata a mota, matan unguwarmu suka tsayar da Baba ya riƙa kai su, saboda dattijo ne kuma ba ya gudu. Inna, mahaifiyata, ita ma tana cikinsu, ita ke kai man Kaka da ƙulinta. Har an fara tara kaya a zaurenmu. Baba ya dubi rana, ya dubi motar, ya ce ba sai an kwance masta ba, in ya yi famfo biyu tana kamawa, zai riƙa haɗawa da giya, in ya so ranar Juma'a a duba. Malam Iro ya tuna masa yadda shanu ke faɗowa titi wajen Katuru ba sallama, amma Baba ya ce shekara nawa yana bin hanyar nan. Ya ce a mayar da taya.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A makaranta ba mu da hira sai ta yanke hannun ɓarawo, ko alli ya ɓace sai a ce wane ka shirya hannunka. Ni kuwa sata biyu na yi, ta man Baba da ta man Kaka. Na cusa hannun dama cikin hijabi na matse shi a hammata. Amma da na rufe ido sai in ga Inna a bayan mota da jarkokin mai, ga garke a tsakiyar titi, ga ƙafar Baba tana tafiya ƙasa. Malam Iro na ɗaure noti na biyu na fito na ce, "Baba, man gyaɗa ne a ciki. Ni na zuba." Baba ba ya kiran sunana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwani, mi kinka ce?" Na zayyana masa komai ina kuka, har da gashin kazar. Ya yi salati, ya zauna a kan buhu. Malam Iro ya tsoma yatsa a tukunyar ya sansana, sai ya fashe da dariya, ya ce shi ya sa tun ɗazu yunwa ke damunsa. Kaka ta leƙo daga zaure tana cewa ashe ni ce ɓerar da ke shan manta, ita tana ta zargin mudu.

Da aka kwance masta, robar ta kumbura ta yi taushi kamar ƙosai. Aka zubar da man duka, aka wanke bututan, Malam Iro ya hau kekensa ya samo sabuwar roba da sabon mai daga tasha. Baba bai taɓa ni ba. Cewa ya yi tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Aka sa mini matashi a baya, na zamo har bakin kujerar direba kafin ƙafata ta kai birki. Malam Iro na ƙasa yana kira, "Taka! Taka! Riƙe!" sai ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, ya ce, "Saki!" Haka muka bi taya huɗu, cinyata na zogi, har kumfar ta ƙare, birkin ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙafata. Da la'asar sakaliya muka gama. Baba ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Ɓarnar na yahe. Da shiru kinka yi, da ban yahe ba."

Da safe na tsaya ƙofar gida ina kallo mata suka hau, Inna na gyara zama a kan buhun ƙuli. Da suka kai kwana Baba ya taka birki da gangan, motar ta tsaya cak, matan suka yi ta salati suna masa faɗa, shi kuma ya miƙo hannu ta taga ya ɗaga mini.

Yanzu ina da tawa motar a Gusau, in wani abu ya same ta fitila ce ke kamawa a gabana, bakanike ya jona na'ura ya gaya mini. Hanyar Shinkafi kuwa, masu binta yau ba birki ne abin tsoronsu ba, kuma na manta rabon da in ga mata cike da mota suna tafiya cin kasuwa suna raha. Baba ya rasu. Inna na nan, ta tsufa, tana zaune a ɗakina tana yi wa jikokinta faɗa. Wani lokaci nakan tsaya ina kallonta kawai, har ta ce lafiya. Na gode wa Allah da bakina ya buɗu kafin a gama ɗaure tayar nan.