Jibo Mai Keke da Takardar Bilya

Jibo ya shekara talatin yana gyaran keke a wata rumfa a bakin kasuwar Karaye. Bai yi boko ba, amma daga ƙarar sarƙa yake gane abin da ke damun keke. Ɗan farinsa, Bilya, tun yana firamare yake kwance fitilar keke ya mayar. Da ya gama sakandare sai ya nemi tallafin karatu na gwamnatin jiha, don ya koyi aikin lantarki a makarantar koyon sana'a a Kano. Ya je aka gana da shi, ya dawo yana jira.

A bazarar 1996 sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana uku. Takardar samun gurbin ta iso bayan sadakar arba'in.

Sulle, ƙanin Jibo, shi ya kawo shawarar a tura wani da sunan Bilya. Ya ce ɗansa Lurwanu sa'an marigayin ne, suna kama, hoton da ke fom ɗin kuma ƙarami ne. Ya lissafa mutanen da ke aikin gwamnati da takardun 'yan'uwansu, babu wanda ya tanka musu. Jibo ya yarda, don yana ganin abin da yaron ya wahala a kai bai kamata ya bar gidan ba.

Sulle ya ce a fara kiran Lurwanu da sunan tun a gida, kunnensa ya saba. A rana ta uku Kande, mahaifiyar Bilya, tana tankaɗe a tsakar gida, sai Sulle ya ƙwala kira daga zaure. Lurwanu ya amsa daga bayan rumbu. Kande, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta furta sunan nan ko sau ɗaya, ta ɗago kai da sauri. Jibo ya ga fuskarta. Ta mayar da ido kan rariya.

Washegari Jibo ya hau motar Kano da takardar a aljihu. A ofishin tallafin ya gaya wa ma'aikacin gaskiya, ya tambaya ko za a sa Lurwanu da sunansa na yanka. Aka ce ba a haka. Gurbin na wanda ke biye ne, wani saurayi daga Rogo. Ma'aikacin ya ɗauki biro zai soke layin sunan Bilya a rajista.

"Malam, kada ka ja masa layi," in ji Jibo. "Rubuta a gefe cewa ya samu, Allah ya yi masa rasuwa."

Aka rubuta, aka karanta masa.

Sulle ya shekara biyu bai zauna a rumfar ba. Lurwanu ya nema da sunansa, bai samu ba, ya koma noman gyaɗa, kuma Jibo bai taɓa cewa shi ne da gaskiya ba. In masu gyaran wuta suka zo kasuwa, yakan ajiye sifana ya kalli samarin da ke hawa falwaya. Bai taɓa tambayar ko akwai ɗan Rogo a cikinsu ba.