Tulu Mai Naso a Ƙofar Kango

Duk wanda ya san tashar Bukkuyum ya san rumfar Halliru mai gidan kallo, ko da bai taɓa leƙawa ba. Zana ce aka kewaye aka ɗora mata kwano, ga bencina, ga talabijin guda babba da gefenta ya tsage. Da rana ake kallo, daga bayan Azahar zuwa gab da Magariba, don a ƙasar nan yanzu ba mai hankalin da zai bari duhu ya rufe shi a waje saboda fim.

Halliru ba ɗan garin ba ne. Daga Tungar Ɗinya ya fito, can bayan Zugu, ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Yana gona aka shiga, shi ya sa ya tsira. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tana cikin waɗanda aka kora daji. Ya jira kiran waya har ya gaji da jira. Daga baya wata mata da aka sako ta ce ta ga tsohuwar ta faɗi a hanya, ba ta kuma ga tashinta ba. Aka yi zaman makoki ba gawa, aka shafa fatiha, aka watse. Tun daga nan Halliru bai ƙara ambaton Tunga ba, kuma wanda ya san ciwon bai tambaye shi ba.

Da cajin waya ya fara, ya koma tura wa samari fina-finai, har Allah ya hore masa rumfar. Mutum ne mai nauyin baki. Can baya yake zama kusa da wayar janareto, har ya zamana ya fi sanin ƙeyar masu kallonsa a kan fuskokinsu.

Abin da ya daɗe yana ba shi mamaki shi ne, ba ƙwallo ke cika masa rumfa ba, ba kuma fim ɗin rawa ba. Fim ɗin gidan aljanu ne, irin na araha ɗin nan da samarin Gummi da Anka ke ɗauka da waya, inda za ka ga aljani lulluɓe da zanen gado, an shafe masa fuska da alli, silifas ɗinsa na leƙowa ta ƙasa. Kada ka ce tsoro ake zuwa ji. Mutanen da suka kwana kwance cikin gero suna sauraren ƙarar babura, wane farin zane ne zai razana su? Gardama suke zuwa yi, su tsefe fim ɗin sili-sili, su yi dariya har da hawaye, kowa ya koma gida da ɗan sauƙi a ƙirji. Halliru ya gane haka, shi ya sa bai taɓa cewa a yi shiru ba.

Manyan alƙalan rumfar su biyu ne. Akwai Sadiq ɗan kabu-kabu, wanda idonsa ba ya barin kuskure ya wuce, bakinsa kuma ba linzami. Akwai Malam Shehu, ɗan gidan malamai, wanda kullum yake rantsuwa ba kallo ya kawo shi ba, inuwa yake sha, amma shi ne a bencin gaba.

Wata ranar kasuwa aka kawo sabon fim daga Gummi, na wani Lauwali da Halliru ya saba karɓar kayansa. Bai ko duba ba ya saka, don rumfa ta cika maƙil. Labarin dai irin wanda aka saba ne: samari sun ɓata hanya, sun faɗa wani gida da aka ce ya yi shekara da shekaru ba kowa.

Kyamara na juyowa kan zauren, Halliru ya ƙura wa talabijin ido. Ya san wannan tsagar da ta sauko daga saman ƙofa. Ya san ɗinyar da ke bayan katanga. Gidansu ne, gidan da aka yanke masa cibi. Baƙin ciki ya kama shi, wato har gidan ubansa ya zama kangon da ake wasan aljanu a ciki. Ya dafe benci.

"Kun gani ko?" in ji Malam Shehu, yana nuna talabijin da tasbaha. "Sun hwaɗa gidan mutane ba sallama, ba bisimilla. To mi zai hana a mare su? Kango ba ya zama hakanan, akwai masu shi. Ko ba ka ga kowa ba, kai dai yi sallama."

"To Malam, in kay yi sallama ga kango anka amsa hwa?" in ji Sadiq.

"Sai ka bar takalmanka nan, ka sheƙa!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ba a gama ba Sadiq ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu.

"Halliru, maido baya! Maido, don Allah! Jama'a ku dibi ƙaryar banza. An ce muna gidanga ba kowa tun tuni, ga tulu nan bakin zaure shina naso! Aljanu na ka zuwa rijiya?"

"Har shara anka yi!" wani ya ɗauka daga tsakiya. "Ga sawun tsintsiya nan. Aljana mai tsabta!"

Aka sake fashewa, har da masu dukan cinya. Halliru ya maido fim ɗin baya, ya tsayar da hoton. Ya taso daga mazauninsa, abin da bai taɓa yi ba ana cikin kallo, ya ratsa bencina har gaban talabijin.

Tulu ne ƙarami, an rufe shi da faifai, an danne da dutse. Gindinsa ya yi baƙi da danshi. A wuyansa an ɗaure ludayin duma da igiya, kuma a kan ɗaurin ne idonsa ya tsaya. Inna Tabawa 'yar makiyaya ce, a ruga ta tashi, komai za ta ɗaure sai ta yi masa irin ɗaurin da ake yi wa ɗan maraƙi a igiyar dangwali, mai hanci ɗaya a gefe. Kowace safiya ta duniya sai ta cika wannan tulu ta ajiye a ƙofa saboda masu wucewa, ta ce sadakar talaka ke nan. Kaf Tungar ba mai irin ɗaurin nan sai ita.

"Lahiya, Halliru?" in ji Malam Shehu.

"Gidanmu na," in ji Halliru. "Wanga ɗauri na Inna na."

Dariyar ta mutu nan take. Rabin mutanen rumfar kowa da kangon da ya baro, sun san abin da ya faɗa. Halliru ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tashi ƙauyen. Ya riga ya binne uwarsa a zuci. In ya tono ta, ya je ya tarar ba ita ba ce, bai san ko zai iya sake binnewa ba.

Ya lalubo waya ya kira Lauwali, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Shi kuwa Lauwali da jin an ambaci tulu ya ɗauka tsiya za a yi masa kamar kullum.

"Wallahi ba mu munka aje shi ba! Can munka ishe shi. Da 'yan sa-kai munka tahi da hantsi, watan jiya, a gurguje. Har mun sha ruwan, sanyi ƙalau."

"Kun ga kowa?"

"Ba mu ga kowa ba. Amma muna cikin ɗauka munka ji tari daga ɗakin ƙurya. Wanda munka lulluɓa ma zane shi yaf fara gudu. Ba mu ƙara waiwaye ba."

"Tarin namiji ko na mace?"

Sai layin ya yanke. Ya sake kira, ya ƙi shiga.

Malam Shehu ya gyara murya a hankali. "Halliru, a bi sannu. Mutanen daji su ma suna zama kangaye. Kar ka kai kanka."

"Malam," in ji Sadiq, "ka taɓa jin ɗan bindiga ya aje ma baƙo ruwa?" Ya zaro makullin babur daga aljihu. Wannan karon ba alamar wasa a fuskarsa. "Tankina cike shike. In za mu, mu tahi yanzu, rana ba ta jira."

Halliru ya bar rumfa a buɗe, hoton tulu tsaye a talabijin, ya hau bayan Sadiq.

Har Zugu suna gamuwa da mutane jefi-jefi. Daga nan hanya ta zama tasu su kaɗai. Gonaki sun koma sabara, ciyawa ta cinye turba. A wani mararraba suka ga sawun babura da yawa, sabo, ya ratsa ya nufi daji. Sadiq ya kashe inji, suka sauka suna tura babur ɗin. Ko tsuntsu ya tashi sai sun daskare. Da ɗinyar ta bayyana, rana ta riga ta karkata.

Tungar ta zama abin tausayi. Rumbuna sun rufta, ɗakuna ba jinka, ba kukan akuya ba hayaƙi. Halliru bai dubi ko ɗaya ba, zauren kawai ya nufa.

Tulun na nan. Amma jikinsa a bushe yake, fari fat da ƙura. Wata guda ba kwana ɗaya ba ne ga tsohuwa ita kaɗai. Halliru ya durƙusa, ya kai hannu can gindin tulun inda rana ba ta bugawa, sai ya ji sanyi. Ya ɗaga faifan. Akwai sauran ruwa a ƙasa, garai-garai, ba ko gansakuka.

Ya miƙe ya fuskanci duhun zauren. Sadiq na bayansa riƙe da babur, ya riga ya juya kan babur ɗin ya kalli hanya.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum!" Ba abin da ya motsa sai ganyen ɗinya. Ya san ƙa'ida, in ka yi ta uku ba a amsa ba, juyawa ake yi. Ya daɗe tsaye ya kasa furta ta, don ita ce ta ƙarshe da ta rage masa a duniya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Daga can ƙurya aka yi tari. Sannan wata siririyar murya ta fito, a gajiye, ba gaggawa, irin ta wadda ta saba amsa wa baƙi.

"Wa alaikumus salamu. Bawan Allah, in ruwa kaka so ga tulu nan, sha. Ka yi haƙuri, yau ƙahwata ta hana ni cika shi."

Sadiq ya ja da baya yana salati. An yi sallama a kango, an amsa. Halliru ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya bar su nan bakin zaure kamar yadda Malam Shehu ya ce, hawaye na zuba a kansu. Sai dai shi ba hanya ya nufa ba. Ya ɗauki tulun ya rungume, ya shiga ciki.

"Inna," ya ce, "ni zan cika shi."