Mai Daddawa da Tiyar da Ba Ta Cika

Sana'ata sayen gyaɗa da wake ce. Nakan bi kasuwannin ƙauye, daga wajen Gaffati har Tirmini, in auna da tiya, in ɗora a mota in kawo shagona na Zango. Ban gaji wannan a gida ba, da buhu ɗaya na fara. Abin da ya riƙe ni har yau shi ne ido. In na kalli mutum sau ɗaya, ko bayan shekara zan faɗa maka wane haƙori ne babu a bakinsa. Wannan idon ne ya kusa jawo wa wata baiwar Allah bala'i.

Rubutu da girma ya same ni. Jiran mota a kasuwar ƙauye yana da tsawo, kuma hirar wurin ba ta rabo da aljanu da mayu. Sai na sayi kaye, littafin rubutu, na fara rubuta nawa labaran masu ban tsoro, ina zuba su kashi-kashi a wani zauren hira na wayar salula inda direbobi da ƴan kabu-kabu da matan gida ke bi. Wani tela maƙwabcina ya karanta ɗaya, ya yi dariya har da hawaye daidai inda na so tsigar jikinsa ta tashi. Shi ya ce in kai wa Madam.

Madam tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, da ta ajiye alli ta koma gyaran labaran mutane. Ba ta ƙarƙashin kowa. Marubuci ya kawo aikinsa, su daidaita, ta zauna a gindin dogon yaron gidanta na Birni da tabarau da jan bik ɗin da take gyaran rubutu da shi. Ita ma tana rubuta na tsoro. Akwai wani nata da matan gidana suka karanta, suka yi kwana uku ba mai leƙa randa ita kaɗai, da rana tsaka.

Zuwana na farko ta maido mini da kayena kamar an yanka kaza a kai. Ta ce rubutun ɗan kasuwa nake yi, ina baje hajata tun daga bakin ƙofa. Tun shafin farko na nuna aljani da ƙofato da jajayen idanu, to me ya rage a ji tsoronsa? Ta ce a kasuwa mai kyau ake sawa a sama, a labarin tsoro kuwa ƙasan buhu ake ɓoye shi. Na saba ni ke raina kayan mutane, ranar na ji yadda ake ji. Amma na gane gaskiya in na gan ta, don haka na ci gaba da zuwa.

Bayan wata biyar na rubuta wanda nake alfahari da shi, labarin wata tsohuwa mai daddawa da ke kama kurwar yara a kasuwar ƙauye. Don ɗoki, kashi na farko na zuba shi a zaure kafin Madam ta gani. A ciki na zana tsohuwar tsaf: hakiya a idon hagu, cindo a hannun dama, zama a gindin tsamiya kusa da mahauta, tana magana ita kaɗai. Ban kai ga bayyana maitarta ba tukuna, na bar shi ƙasan buhu yadda aka koya mini.

Madam ta karanta duka ba ta taɓa bik ba. Ta ce wannan karon mutum na numfashi a takarda. Sannan ta cire tabarau.

"Alhaji, tsohuwar nan tana da rai?"

Na ce ƙwarai, a wurinta nake sayen daddawa duk ranar kasuwa. Da fara'ata na faɗa, ina jiran yabo.

Sai ta tambaye ni su wa ke karanta labarina. Na lissafa. Ta ce to salula tana riga motata isa ƙauyen. Damina na tafe da zazzaɓinta, kuma ranar da yaron wani ya fara sambatu, wa nake jin za a tuna? Ta ba ni labarin wani ƙauye da ta yi koyarwa tana budurwa, inda aka ja wata gwauruwa tsakar gari, aka tuɓe ta, aka sa ta tsallake yaro mara lafiya don ta saki kurwarsa. Yaron ya rasu duk da haka. Matar ba ta ƙara kwana a garin ba. Ba ta ɗaga murya ba da take faɗa mini, tana dai juya murfin bik a hannu.

Na yi gardama irin tawa. Na ce ban ambaci suna ba, ban ambaci gari ba. Ta ce mai cindo da hakiya a gindin tsamiya ba ta buƙatar suna. Na ce to a goge kashin farkon. Ta ce abin da ya shiga salula ya zama gishiri a ruwa. Tsohuwar ba ta da ɗa, ba ta da kowa sai faifan daddawarta, kuma ni takan ƙara wa ƙwaya ɗaya gyara.

A nan na ga gwanintar Madam. Ba ta cire tsohuwar ba, ta juya labarin a kanta. Kwana huɗu muna zama bayan la'asar. Tsohuwar ta zama ita kaɗai ce, da idonta mai hakiya, take ganin abin da ke cin garin, tana gargaɗi ana ce mata mahaukaciya. Abin da ke cin garin kuwa wani mai sayen hatsi ne da ke zuwa kowace kasuwa, ba wanda ke iya tuna fuskarsa bayan ya tafi. Tiyarsa ba ta cika. Duk wadda ta zuba masa gero sai ta yi ta zubawa, ta koma gida ta tarar rumbu fayau, jikinta ya fara ramewa.

Na ce, "Madam, ai wannan ni kika zana."

"In dole a harari wani, gara a harari mai mota. Kai kana da inda za ka gudu."

Amma ta hana ni ba shi ko tabo ɗaya da za a gane wani da shi. Ko launin riga ta soke.

Labarin ya yi tafiya fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Tela bai yi dariya ba. Ranar kasuwar da ta biyo bayan kashin ƙarshe, na sauka daga mota, na nufi tsamiya kafin in kwance buhu ko ɗaya. Tana nan, faifanta ya kusa ƙarewa tun hantsi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, me ya sami mutane ne? Direbobi sai su zo su sayi daddawa, su tsaya suna tambayata wai ko na ga wani abu. Me zan gani da ido ɗaya?"

Na ce, "Iya, kasuwa ce Allah ya buɗa miki."

Da na ba Madam labari ba ta yi murna sosai ba. Ta ce Allah ne ya rufa asiri, kuma daga yau in zan gina mutum in ɗebo shi daga mutum biyar, hanci daga nan, tafiya daga can. Haka nake yi.

Har yanzu a kasuwar nan akwai matan da kafin su zuba mini gyaɗa sai sun karɓi tiyata, sun kifa ta, sun ƙwanƙwasa gindin. Nakan miƙa musu ita.