Takama da kacallar da ta kama hanya

Takama taubashina ne, don haka zan faɗi labarinshi yadda na ga dama. Dogo ne kamar taɓarya, ga tsoron ruwa. Ko rijiya bai leƙawa. Amma sana'arshi yankan kacalla ce a tabkin ƙasan garinmu, wajen Tsarnawa, da ita yake saƙa asabari. In na tsokane shi sai ya ce ai inda kacalla ta tsaya ruwa bai wuce cinya, ita ke nuna mishi ƙasa.

Daminar casa'in da huɗu ƙorama ta shigo tabkin da ƙarfin da ba mu saba gani ba. Ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya ciccire saiwoyi, ya ɗaga kacallar da lakarta, ta koma faifai guda tana shawagi. Daga sama kuwa kore shar, a tsaye. Iska ta turo ta gaɓa, Takama ya taka da laujenshi ya shige tsakiya.

Ina wanki na hangi kacalla na tafiya da hular mutum a ciki. Na buɗe baki in yi dariya, sai na ga inda ta nufa: bakin da ruwa ke fita yana juyawa, inda ya ci saniyar maƙwabcinmu Cindo a makon.

"Hawa'u," ya kira ni da muryar ɗan akuya, "ƙasa na tafiya da ni."

Na ce ya kwanta rub da ciki, don duk inda ya taka, ƙafarshi nutsewa take. Ya kwanta yana salati. Ni ina bin gaɓa da gudu, ƙaya na cina, ina kiran Mumuni masunci. Faifan ya fara rabewa, ina ganin gutsattsarinshi na shiga kwararon suna ɓacewa.

Mumuni ya hau goranshi na su ya iske shi da igiya, ruwa ya riga ya kai mishi kunne. Mu matan wanki muka ja igiyar, har da masu goyo. Da ya iso tudu ya ƙi tashi, ya rungumi yashi, sai ɗaukar shi aka yi.

Bai sake taka tabkin da ruwa a ciki ba. Sai rani ya ja ruwan baya laka ta tsage, sannan yake zuwa yanka. Kacallar rani gajera ce, sai asabaranshi suka gajarce, da ƙyar suke rufe ƙofa. Ya tsufa, ya rasu a kan gadonshi, ƙafa a bushe.