Waken Inna na Bayan Madafa

A gidanmu na Zongon Sokode, bayan madafa, Inna takan shuka wani wake mai yaɗo duk damina. Ta kafa sandunan gora, ta ɗaura igiya, waken ya bi ya hau har kan katanga da jan furensa. In yana ɗanye ta tsinko, ta zare jijiyar gefe da farce, ta yayyanka a miyar tumatir mu ci da sakwara. Wanda ya bushe ta ɓare, ta zuba a tulu da toka saboda ƙwari.

Da aure ya kai ni Dapaong, ta ƙulla mini iri a bakin ɗankwali. Sau biyu ina shukawa. Ruwan can bai kai namu ba, fure ya fito ya zube. Na gaya mata a waya.

"Bari sai na zo," in ji ta. "Ƙasar ce ba ki sani ba tukuna."

Ba ta samu zuwa ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya. Ni kuwa ina da tsohon ciki, ungozoma ta hana ni doguwar tafiya. Ranar wata Talata bayan la'asar yayata ta kira ni, ta yi sallama, ta kasa ci gaba da magana. Nan na gane Inna ta rasu. Na zauna a kan turmi.

Sai da na haihu na yi arba'in na hau mota. Na tarar da Baba a zaure kan buzunsa, ya rame. Ya karɓi jaririyar, ya tofa mata addu'a, ya daɗe yana kallonta.

"Je ki bayan madafa," ya ce. "Innarki ta ce a bar miki waken. Ban bari kowa ya taɓa ba."

Waken ya bushe a jikin igiya, wasu kwansuna sun fashe, kaji sun tsince abin da ya zuba. Na goya 'yata na tsinke sauran. Bai cika rabin ƙwarya ba. Na dafa da manja da albasa, na kai wa Baba. Ya yi loma uku, ya ce ya yi daɗi, ya janyo buta ya wanke hannu.

Na kwana tara a gidan. Ɗakin Inna ne kawai na kasa shiga, sai yayata ce ta fito mini da zannuwanta biyu.