Tankin Muntari da Gurguzun Jiratawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Tahaggart ya san Muntari magini, in bai san fuskarsa ba ya san shafensa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya baro ƙasar Maradi ya zo Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Da ɗaukar bulo da kwaɓa ya fara, har ya kai ana nemansa da suna. Mutum ne mai sanyin baki, ba ruwansa da harkar kowa, sai dai yana da aibu guda: ya yi imani babu abin da siminti ba zai gyara ba. Wurin zaman gidansa siminti ne, murhu siminti, har da akurki ya gina tun bai sayi kaza ko ɗaya ba.

Matarsa Ramatu 'yar Jiratawa ce, garin masu lambu. Shekara huɗu da suka wuce ta biyo shi, kuma cikin kayanta akwai wani ƙullin tsumma da ba ta yarda kowa ya taɓa. Gurguzu ne, wato 'ya'yan yakuwa, daga lambun mahaifinta. Tsohon ya rasu wata bakwai bayan tahowarta, aka raba gado, lambun ya koma hannun wasu, suka nome yakuwar suka sa albasa. A sanin Ramatu, abin da ya saura na wannan iri shi ne wanda ke cikin tsummanta.

Sau uku tana shukawa a tsakar gida. Ƙasar wurin yashi ce da duwatsu, ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ya ɓace. Tsiron ya leƙo, ya yi kwana goma, rana ta ƙone shi. Bayan na ukun ta ƙulle ragowar, bai fi cikin cokali ba, ta tura ƙasan akwati. Ɗiyar mai lambu ce, ta san iri ba ya daɗewa a ajiye, kowace shekara wasu na mutuwa a cikin tsumman. Amma tsoron ta ƙarasa shi da hannunta ya fi ƙarfinta. Muntari yakan gan ta ta kwance ƙullin ta duba ta mayar, abin yana cin ransa.

Wata rana a wurin aiki, ana hutun shayi, wani abokin aikinsa ya nuna masa bidiyo a waya. Wani mutum ne a wata ƙasa da kifi a cikin babbar roba. Ruwan kifin yana hawa ta tiyo zuwa wani faffaɗan mazubi cike da tsakuwa, ganye ya yi kore shar a ciki ba tare da ƙasa ba, sannan ruwan ya tsiyayo ya koma wa kifin. Kashin kifi shi ne takin, saiwoyi kuma su tace ruwan. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye. Muntari bai ji ko kalma ɗaya ta yaren mutumin ba, amma ya kalla ya fi sau ashirin, ya ce ya gane. Abu ɗaya ne bai yi masa ba, robar nan. A ganinsa wannan aikin wanda bai iya gini ba ne.

Juma'a biyu ya ɗauka. Ya ja bulo a bayan ɗaki ya yi tanki mai kai wa ƙugu, ya yi kwamin shuka a bisansa, ya yi masa shafen da ko gidan attajiri bai samu ba. Ya cire ɗan famfon tura ruwa daga wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya kwaso tsakuwa daga busasshiyar ƙoramar gari ya wanke. Kifin kuwa, 'ya'yan karfasa talatin, daga wajen wani mai gona a In Amguel wani direba ya kawo masa su a jarka. Shafe ya kwana uku, ya cika ruwa, ya juye su.

"Ramatu, kawo gurguzun nan mu sa," in ji shi, yana goge hannu.

"Malam, bari mu ga kihin tukuna."

Kwana biyu kifin suka yi. A na uku da hantsi duk sun taso sun juya farin ciki sama. Ramatu ta leƙa, ta koma wankinta. Da ta yi masa dariya ma da ya fi masa sauƙi.

A kasuwa akwai wani dattijo, Baba Sharifu, da ke kawo kayan lambu daga Tahifet. Harshensa Tamashek ne, amma fataucin Agadas na ƙuruciya ya bar masa Hausa mai daɗi. Muntari ya tsuguna gabansa ya kwashe labari duka ya faɗa masa, har da santsin shafen, wanda ba a tambaye shi ba.

Tsohon ya gyara rawani ya ce, "Miƙo hannunka, ɗana."

Muntari ya miƙa. Tafin duk faso ne, yatsun sun yi fari sun tsattsage.

"Mi ya yi maka haka?"

"Sima ne, Baba, simintin gini."

"To, kai da ke da fata kamar ta raƙumi ya ci ka haka. Shi kihi da ke shan ruwan fa? Mu can bisa dutse, sabon wurin ruwa ko jaki ba mu shayarwa a ciki sai ya jiƙa an zubar, ya jiƙa an zubar. Tahi ka ba shi wata guda."

Muntari ya daɗe yana kallon hannunsa. Shekara goma sha ɗaya siminti na cin sa, bai taɓa kawo wa ransa cewa zai ci wani ba.

Watan nan ya fi masa ginin wuya. Magini ya saba ya gama aiki ya ɗauki cokalinsa ya wuce, bai saba zaman jiran abin da ya gina ba. Ga ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, daga nesa ake turo shi, wani lokaci famfo ya yi kwanaki shiru. Kowane mako sai ya kwashe tankin da bokiti, Ramatu ta karɓa ta yi wanki da shi, tana cewa aƙalla dai ta samu randa babba. Ya cika, ya jira, ya kwashe. Maƙwabta suka sa masa suna Sarkin Ruwa, yana ji ya yi murmushi ya wuce.

Da watan ya cika ya shafa wa cikin tankin fentin da ake yi wa wurin ruwan sha, ya sake jira. Wannan karon kifi goma kawai ya sa. Bai kuma sake tambayar gurguzu ba, kunya ba ta bar shi ba. Latas da na'ana'a ya karɓo wajen Baba Sharifu ya dasa, ya ce in ma za su mutu ba a yi asarar komai ba.

Ba su mutu ba. Makon farko sun yi yaushi, ganyen ya yi ruwan ɗorawa, sai a hankali suka miƙe. Muntari ya koyi abubuwan da bidiyon bai nuna masa ba: in ya cika wa kifi abinci ruwa ya yi wari, in rana ta take sai an yi wa kwamin rumfar buhu, in wuta ta ɗauke sai ya riƙa ɗiban ruwa da kwano yana zubawa a kan tsakuwa. In yana wurin aiki Ramatu ce ke yi, tana mita tana yi. Kifi ɗaya ya mutu, tara suka yi ƙiba. Na'ana'a ta yi yawa har masu shayin layin suka daina zuwa kasuwa.

Wata safiya, zafi ya fara shiga sosai, ya zo ba kifi abinci kafin ya fita, sai ya ga wasu 'yan tsirrai a gefen kwamin, inda bai dasa komai ba. Ya kai hannu zai cire, a zatonsa ciyawa ce, sai ya lura da jan kara. Ya janye hannun da sauri. Guda biyar ne, kowanne da ganye bibbiyu.

Ramatu na bakin murhu ta ba shi baya, tana ta fifita wutar da ta riga ta kama.

"Ramatu, yaushe kika sa su?"

"Yau kwana tara."

"Ba ki hwaɗa mini ba."

"Da na hwaɗa da ka hana su barci da leƙe. Kuma ka ji, Malam, ba na miya ba ne. Ko ganye ɗaya ba a tsinka sai sun yi ɗiya."

Ya ce ya ji. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya sake ƙirga su, biyar dai. Sai wani tunani ya zo masa, ya juyo.

"Nawa kika rage cikin tsumman, ko da wani abu ya hwaru?"

Ta juyo ta dube shi.

"Ban rage ba. Duka na zuba."

Muntari ya tsaya da gwangwanin abincin kifi a hannu. A da tankin nan abin wasansa ne, in ya lalace a yi dariya a wuce. Yanzu kuwa ya wuce wasa. Ya ajiye gwangwanin, ya tsuguna ya kasa kunne ga ɗan famfon, ya bi tiyon da yatsa tun daga ƙasa har sama, ya ƙara ɗaure rumfar. Ranar nan, karo na farko tun zuwansa Tamanrasset, sai da aka aiko nemansa daga wurin aiki.